Jan Fentin Boyi

Boyi bai yi boko ba, karatun allo ma a Sabbi ya tsaya. Amma shekara ashirin da bakwai ke nan duk saniyar da ta bar kasuwar kara ta Illela zuwa Kurmi, da rubutun hannunsa a gadon bayanta take tafiya. Ni ɗan lodi ne. Aikina in tura shanu cikin tirela, in ɗaure ƙahonsu a jikin katako, in sauko. Shekara goma sha tara ina lodi da shaidarsa, don haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba.

Mutumin Kalmalo ne. Ubansa masunci ne, shi ma da taru ya fara. Shekarar da tafki ya ja baya kifi ya yi ƙaranci, sai ya shigo gari ya kama riƙon igiya a kara. Tsohon da ke sa shaida a lokacin ido ya fara gaza masa, ya miƙa wa Boyi gwangwani. Bai sake ajiye shi ba. Gajere ne, baƙi, mai kaurin hannu, kuma babban yatsansa na dama ja ne har cikin farce. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar. Ba ya shan sigari, ba ya zama majalisa. In ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba bai lura ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa shiga kara ba. Idan ciniki ya faɗa aka yi albarka, dillali zai ɗaga murya ya kira Boyi. Ya zo da gwangwanin jan fenti da sanda mai tsumma a baki, ya zana shaidar mai sayen a bayan dabbar. Kowane falke da tasa. Wani layi biyu, wani da'ira da ɗigo a tsakiya, wani sawun kaza. Sun haura sittin, duk suna cikin kansa. Da ita muke sanin motar da kowace dabba za ta shiga, da ita kuma ake raba su a Ikko bayan kwana biyu a hanya. Fentin shi yake haɗa abinsa, da wani ƙaro da ya ƙi gaya wa kowa, don kada ruwan saman Kurmi ya wanke shi.

Akwai kuma abin da duk ɗan garin nan ya tashi da shi. Dabbar da aka sa wa ja ta fita hannun kowa. Mai ita na da ya kwance igiyarsa ya tafi. Ba a taya ta, ba a shafa ta, ba a ba ta ruwa ko harawa, domin in ta kumbura ta mutu kai za a kama. Haka za ta tsaya a turke cikin rana har mota ta zo. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ke karya ta.

In ciniki ya warware ba goge shaida ake yi ba, don ba ta goguwa. Kashe ta ake yi, a ja farin layi a kan jan. Wannan ma aikin Boyi ne, kuma a nan ya yi suna. Ba ya sa ja sai da bakin dillalin da ya ƙulla cinikin. Ba ya kashewa sai wannan dillalin ya tsaya gabansa ya ce a kashe. Ba ya karɓar saƙo. Ko ta waya ba ya karɓa, ya ce murya ana aronta. Na ga ranar da wani falke ya kai masa rago har gida don ya sauya shaidar bijimai biyu. Boyi ya jawo ragon da igiyarsa har tsakiyar kara ya ɗaure a turke, ya koma bakin aikinsa. Na kuma ga ranar da aka sa wa san surukinsa ja bisa kuskuren dillali, dillalin ya hau babur ya tafi Lafani. Tsoho ya yi roƙo har da hawaye. Boyi ya ce a jira dillali. Mota ta riga dillali zuwa, ni na tura san da hannuna. A lokacin na ce wannan shi ne namiji. Duniya ta cika da masu baki, ga wanda aikinsa ɗaya ne yau da gobe.

Sai mutum na biyu da ya kamata a sani, Hadijatu. Matar Sabi'u ce, abokin lodinmu wanda bijimi ya danne a jikin tirela ya kwanta wata biyu ya rasu. Bayan ta fita takaba ta kafa rumfa a bakin kara tana sayar da shinkafa da wake. Shekara da shekaru a nan Boyi ke cin abincin rana, kwanonsa ma daban yake. 'Yarta ta fari Bilki a gabanmu ta yi wayo, tana ce masa Baba Boyi. Hadijatu mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. A da ban taɓa jin ta kama sunan 'yar farin nan ba, sai dai "yarinyar ga". An aurar da Bilki ga wani tela a Konni. Mu a wurinmu Konni ba wata ƙasa ba ce, unguwa ce mai nisa kaɗan. Ka yi azahar a nan ka yi la'asar a can.

Da korona ta zo, iyaka daman a rufe take, sai aka ƙara mata sakata. Aka hana zirga-zirga, motocin Kurmi suka daina tashi, kara ta koma fili da kashin shanu. Ga bazara, ga azumi ya kama. Mu 'yan lodi muna zaune a gindin bishiyar bedi muna kallon juna.

Manyan unguwarmu suka kafa kwamiti na kansu, suka ba Alhaji Nu'man shugabanci. Shi ne babban dillalin kara, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda ya iya magana a taro. Dokar kwamitin ɗaya ce mai ƙarfi: duk wanda ya tsallako daga Konni ta hanyar daji zai zauna a gida kwana goma sha huɗu, shi da mutanen gidan, kuma duk wanda ya shiga wurinsu ya zama ɗaya daga cikinsu. Aka ba mu 'yan lodi gora da ƙyallen rufe hanci aka ce mu ne masu tsaro. Ba zan yi ƙarya ba, mun yi duka. Mun sa dattawa tsallen kwaɗo a bakin titi da azumi a bakinsu. Mutumin da ya saba tura bijimi in ka ba shi gora ka nuna masa mutum, ba ya rage ƙarfi.

Abin da ya gagara shi ne sanin gidan da aka killace. Yau a ce wa mutum ya zauna, gobe ka gan shi a masallaci. Sai wani ya ce a sa wa ƙofofin shaida. Alhaji ya yi dariya ya ce ai muna da mai shaida. Aka kira Boyi. Ya zo da gwangwaninsa na kara, don shi ne fentin da yake da shi. Ba wanda ya yi tunanin a sayo alli ko a sa wani launi. Ni ma ina wurin, ban yi ba.

Ya sa wa gida bakwai kafin a zo kan na Hadijatu. Duk gidajen talakawa ne. Ba wai masu hali ba sa tsallakawa ba ne. Ba a ce masa ya sa musu ba, shi kuwa ba ya sa ja inda ba a ce ba.

Bilki ta zo ne goyon ciki. Cikin fari ne, kuma cikin fari a ɗakin uwa ake haife shi, korona ko ba korona. Mijinta ya ɗora ta a amalanken jaki ta hanyar gonaki, ya juya daga bakin gari. Kafin la'asar labari ya kai ga Alhaji. Ya ce da Boyi ya je ya sa, ya ce da ni in raka shi, ni ne kuma zan riƙa tsaron layin.

Ƙyauren gidan na langa-langa ne a kan katako, Sabi'u ya haɗa shi da hannunsa. Hadijatu ta ji ƙarar gwangwani ta leƙo.

"Boyi? Mi kaka yi nan?"

"Aiko ni anka yi."

"Gidan Sabi'u na fa."

"Na sani."

"To saniya ta a ciki? Wa yas saye mu?"

"Kwana sha huɗu na, Hadijatu. Kamar yau na."

"Yarinyar ga wata tara gare ta. Ko tari ba ta yi. Shiga ka gani."

"In na shiga ba ni fitowa."

Ta dube ni. "Kai ma, Maharazu, da gorarka? Madalla. Allah shi jiƙan Sabi'u, ya bar abokai."

Boyi ya tsoma tsumma ya ja layi biyu a gicciye, tsaf, kamar yadda yake yi a bayan saniya. Ya rufe gwangwani muka tafi.

Kwamiti bai ce a hana su ruwa ba. Bai ce kada a sayar musu da icce ba. Ba a buƙaci a faɗa ba. Washegari mai ga-ruwa ya turo kurarsa, ya ga ja, ya wuce. Mai icce ya wuce. Mai tallan kayan miya ta tsallaka ɗaya gefen layin. Ba mugunta ce ta sa su ba, ko kuma ba ita kaɗai ba. Ido ya ga ja, ƙafa ta san abin da za ta yi tun kafin kai ya yi tunani. Wata maƙwabciya ta riƙa miƙa musu bokiti ta kan katanga, kwana biyu mijinta ya gani ya hana.

A rana ta uku na ga Boyi da sassafe ya taho da jarka biyu a kan kekensa. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya buga langa-langa sau ɗaya, ya ja baya. Kullum haka, wata rana da ƙullin icce. Daga rijiyar bayan kara yake ɗebowa, da azumi. Na ce masa tun da abin ya dame shi ya kashe shaidar mana kowa ya huta.

Ya ce, "Ruwa nawa na. Shaida ba tawa ba ta."

A rana ta tara da hantsi naƙuda ta tashi. Hadijatu ta kira ni ta bayan ƙyaure ta ce in kira mata Rakiya ungozoma. Na je na zo da ita. Tsohuwa ce mai tsaurin ido, rabin unguwar a hannunta suka faɗo. Ta tsaya nesa da ƙofar kamar taku biyar ta riƙe haɓa.

"In na shiga, ina fitowa?"

Na ce dokar kwamiti dai ta ce a'a.

"Mata ukku gare ni a unguwar ga masu jiran yau ko gobe. In kun kulle ni nan, kai ka karɓa musu?" Ta ɗaga murya don ta ciki ta ji. "Hadijatu, ni ba cutar nika tsoro ba, na ga abin da ya fi ta. Jan ga na. A kashe shi in shigo yanzu. Kafin nan ki sa ta durƙuso, ki jiƙa mata rubutu. Na fari na, shina daɗewa."

Ta juya ta tafi. Na aika aka kira Boyi.

Ya zo ya tsaya. Daga ciki ana jin nishin Bilki. Hadijatu ta buɗe ƙyauren kaɗan, fuskarta duk gumi.

"Boyi, farin na wurinka. Layi guda na."

"Sai Alhaji ya ce."

"To je ka gaya mishi."

Ya hau keke ya tafi. A gidan Alhaji aka ce ya fita tun jiya, ba a san inda ya nufa ba. Na kira wayarsa sau ba adadi, a kashe. Na je wurin mataimakinsa a kwamiti, ya ce shi bai ga laifi ba, a kashe. Na kawo wa Boyi wannan magana da gudu. Ya ce mataimaki ba shi ya ce a sa ba. Ya koma ƙofar gidan Alhaji ya zauna a ƙasa, gwangwanin fari a gabansa, cikin ranar da ko jaki ya nemi inuwa. A nan ya sha ruwa da magariba.

Gari ya waye ba ta haihu ba. Da na iso layin na tarar da Hadijatu a waje, ta karya doka, tana durƙushe tana dirzar ƙyauren da toka da yashi. Ta zuba kananzir ta kankare da wuƙa. Langa-langan ya yi haske kewaye da jan, jan yana nan. Fenti ne da aka haɗa don ya kai Ikko cikin ruwan sama. Aikina ne in kora ta ciki. Na juya baya na yi kamar ina duban wani abu.

Da rana ta take na je na sami Boyi inda yake zaune. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na sunkuya na ɗauke gwangwanin farin. Bai hana ni ba, bai kuma tashi ba. Na zo na tsoma tsumma na shafa a kan jan da hannuna. Hannun lodi ba na zane ba ne. Layin ya karkace, fentin ya zubo har ƙasa. Na sake zuwa na taho da Rakiya.

Ta duba sau ɗaya. "Wanga ba hannun Boyi na ba."

"Fari dai fari na, Inna."

"Kai ka san ba haka na ba. 'Yan uwanka masu gora na gani, su ma sun san hannunai. Gobe su kulle ni su ce shaidar ƙarya ta." Gaskiya ta faɗa. Biyu daga cikinmu suna tsaye a bakin layin, kuma da ni ne a wurinsu da na faɗi haka. Shekara ashirin da ɗoriya Boyi ya yi yana koya wa garin nan cewa hannunsa kaɗai ne gaskiya, garin kuwa ya koya.

Da la'asar Boyi ya dawo layin da kansa. Nishin ya ragu, kuma ko ni da ban san haihuwa ba na san ba sauƙi ba ne. Hadijatu ta fito babu mayafi. Ta durƙusa a gabansa a cikin ƙasa, mace mai shekara hamsin, ta kama ƙafar wandonsa.

"Bilki ta, Boyi. Bilki. Kai ka yanka ragon sunanta."

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Boyi ya ɗaga kai yana kallon saman katanga.

"Ban taɓa ba, Hadijatu. In na yi yau, duk wadda niy yi a baya ta zama banza."

"Shanu na, Boyi. Waɗancan shanu na."

Ya zare ƙafarsa a hankali ya tafi.

Rana ta uku da fara naƙudar, da safe, kafin in iso, na ji ana buga ƙarfe. Na tarar da Boyi da guduma da kurfi yana cire ƙusoshin ƙyauren. Ido ya faɗa masa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shaida ba ni kashewa. Amma ba wanda yac ce kar a cire gambu." Kwana biyu ya yi yana neman hanyar da zai bi bai taɓa dokarsa ba, sai yanzu ya samu. Muka ciro ƙyauren muka kifa shi a ƙasa, jan yana kallon turɓaya. Gida ya zama ba shaida. Masu gora suka dubi juna, ba wanda ya san abin da doka ta ce a kan gidan da ba shi da ƙofa.

Rakiya ta shiga. Ba ta daɗe ba ta fito tana goge hannu a zaninta.

"Ya fi ƙarfina. Kan ya kafe, ba ya motsi tun ban san yaushe ba. Ku kai ta asibiti."

Mai mota ɗaya da ke unguwar ya ce ba shi da mai. Masu baburan kabu-kabu suka watse kamar an jefa dutse cikin tsaki. Ko da sun tsaya ma, ba ta iya zama. Boyi ya dubi ƙyauren da ke ƙasa. Muka shimfiɗa tabarma a kai, mata suka fito da ita suka kwantar, aka lulluɓe ta da zani. Shi a gaba, ni a baya, Hadijatu da Rakiya suna riƙe da gefe. Da muka ɗaga, jan ya koma ƙasa yana kallon hanya, amma yara da masu zama a ƙasa suna hango shi. Ba mu ce wa kowa ya kauce ba. Titi ya buɗe mana har ƙofar asibiti.

A can ba wanda ya tsaya tambayar fenti. Suka auna zafin jikinta, babu komai, suka shige da ita. Aka yi aiki aka ciro yaro namiji, ya riga ya mutu. Wata ma'aikaciya ta fito tana cire safar hannu ta tambayi ko tun yaushe take naƙuda. Da aka gaya mata sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta koma ciki. Bilki ta rayu. Amma kan yaron ya daɗe a inda ya kafe har ya yi mata lahani, ta tashi da yoyon fitsari.

Ni da Boyi muka kai jaririn maƙabarta, a cikin tabarma, mu huɗu da liman da mai haƙa.

Muna dawowa muka ga motar Alhaji Nu'man a ƙofar gidansa, ana sauke buhuna. Ƙafafun motar sun yi ja da ƙasar hanyar gonaki. A bayan gida an ɗaure shanu takwas da ba mu sani ba, da tsagar kunne irin ta makiyayan ƙetare. Kwana uku ya yi a Konni yana sayen shanu da araha, tun da can ma kasuwa ta mutu. Shi ya sa layin wayarsa na nan bai shiga ba.

Boyi ya gaya masa abin da ya faru, a taƙaice, kamar mai ba da lissafin mota. Alhaji ya yi salati, ya girgiza kai.

"Kai, Boyi, kai ma da wani abu. Wa ya hana ka kashewa? Wallahi ni na ma manta da gidan."

Boyi ya dube shi. Can ya ce, "Alhaji, daga Konni kake?"

"Mi ya kawo wagga magana?"

"Doka ta ce wanda yat tsallako a sa mishi." Ya ɗaga gwangwanin ja daga jikin kekensa. "In sa?"

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce da masu sauke kaya, "Ku ji min Boyi, azumi ya taɓa shi." Ya dafa kafaɗarsa. "Je ka gida ka huta."

Ina tsaye ina jira. Ga ƙofa fentin kore sabo, ga tsumma a hannunsa. Da ya tsoma ya ja, da na tsaya a bayansa ko za a kashe mu. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sai ya mai da murfin gwangwanin ya danna da tafin hannu. Ba a ce ya sa ba.

Ranar da kwana goma sha huɗu suka cika Alhaji ya tsaya gaban Boyi ya ce a kashe ta gidan Hadijatu. Boyi ya ɗauki fari ya tafi. Ta riga ta sa an mai da ƙyauren, da jansa da ɓatancin da na yi a kai. Ta tsaya a gaba ta ce in ya taɓa sai ta karya masa hannu da taɓarya. Ya juya. Har yau ƙyauren yana nan haka. Rana ta cinye farina, jan ko dusashewa bai yi ba.

Ba a taɓa zuwa an gwada kowa a gidajen nan takwas ba. Bayan sallah kwamiti ya watse ba tare da an ce ya watse ba. Na kai gorata gida matata ta yi madogarar igiyar shanya da ita. Telan Konni ya zo sau ɗaya da aka sassauta hanya, ya zauna a zaure bai daɗe ba, bayan wata biyu ya aiko da takarda. An kai Bilki Sakkwato an yi mata aiki sau biyu, ya ragu bai tsaya ba. Tana ɗakin uwarta, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna.

Kara ta dawo, ta ma fi da cika. Boyi yana nan da gwangwaninsa. Abin da ban zata ba shi ne labarin ya ƙara masa daraja. In baƙon falke ya zo yana shakkar barin shanunsa a turke, dillalai sukan nuna masa Boyi su ce, ka ga wancan, ko naƙuda ba ta sa shi kashe shaida ba. Alhaji Nu'man ya fi kowa iya ba da labarin. Boyi yana ji, yana tsoma tsumma.

Hadijatu ta sake buɗe rumfa. Tana zuba min abinci in na miƙa kwano, ba ta amsa gaisuwata. Boyi bai sake zuwa ba, rogo yake ci a gindin bedi. Amma mai irin lalurar Bilki wankin zannuwa ba ya ƙare mata, gidan yana shan ruwa fiye da gida uku. Kullum da sassafe yana ajiye jarka biyu a bakin jan ƙyauren, ya buga sau ɗaya, ya ja baya. Ana shiga da su, a turo na jiya waje babu komai a ciki. Ba a taɓa ce masa sannu ba, ba a kuma taɓa ce masa ya daina ba.

Ran Lahadin da ta wuce na yi lodin tirela huɗu. Duk saniyar da na ga jansa a bayanta na tura ta inda ya nuna, ban tambayi kowa ba. Ba a sami kuskure ko ɗaya ba.